Gyaran Makiyaya a Ƙasar Tuddai: Kiwon Shanu da Tumaki a Tsaunin Mambila da Makamantansa

A cikin wuraren kiwo da Allah Ya albarkaci Nijeriya da su, da wuya a sami kamar tuddai. Wanda ya bar Serti ya bi ta Mayo Selbe, ya hau kwane-kwanen dutsen nan har ya ɓulla Maisamari, zai tarar da wata ƙasa dabam: tudu na bin tudu, duk lulluɓe da ciyawa, ga sanyi, ga ƙoramu a kowane kwari. Wannan shi ne Tsaunin Mambila, a Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba. Tsayinsa daga bakin teku ya kai kimanin mita 1,600, ruwan saman da ke sauka a can ya wuce milimita 1,800 a shekara, damina kuwa takan yi wata bakwai ko fiye. Uwa-uba kuma tsando bai cika zama a kan tudun ba, saboda haka sammore ba ya yi wa garke irin ɓarnar da yakan yi a kwaruruka masu kurmi. Haka al'amarin yake, ko da yake da ɗan bambanci, a Tsaunin Jos mai tsayin kimanin mita 1,280, da Tsaunin Obudu na Jihar Kuros Riba, inda aka kafa gonar kiwon shanu tun 1951.

Wannan ni'ima ita ce ta jawo makiyaya zuwa Mambila tun cikin rabin farko na ƙarni na ashirin, ita ce kuma ta jawo matsalar da ake fama da ita yanzu. Shanu sun yawaita, gonaki sun faɗaɗa, an dasa itatuwan zaiti a filaye da yawa, amma tudun bai ƙara faɗi ko da taƙi ɗaya ba. Dogayen ciyayi masu daɗi waɗanda tsofaffin makiyaya suka taras sun ja da baya a wurare da dama. A madadinsu sai wata gajeriyar ciyawa mai tauri kamar tsintsiya, wadda saniya ba ta ci sai in tana ɗanya shataf, da kuma wani tsiro mai ganye kamar gashin tsuntsu wanda ke mamaye gangara. Shi wannan tsiro ba rashin amfani kaɗai gare shi ba, guba ne. Saniyar da ta daɗe tana cinsa saboda yunwa takan kai ga fitsarin jini. Inda ciyawa ta ƙare kuwa sai jar ƙasa ta fito, ruwan sama ya bi sawun shanu ya yanka zaizaya.

Abin da ya kamata a fahimta tun daga farko shi ne, dukiyar mai kiwo a kan tudu ba a cikin garke take farawa ba, a cikin ciyawa take farawa. Saniya da tunkiya hanya ce kawai ta mai da ciyawa nama da madara. Wanda ya ƙidaya shanunsa bai auna ciyawarsa ba, ya yi rabin lissafi ne.

Lissafin baki da ciyawa

Lissafin ba shi da wuya. Saniya mai nauyin kilo 250 tana bukatar busasshiyar ciyawa wajen kilo shida da 'yan kai kowace rana, watau abin da ya haura tan biyu a shekara. Tumaki goma kuma ana lissafa su a matsayin saniya ɗaya irin wannan. To amma ba duk abin da fili ya fitar ne ke shiga cikin dabba ba. Wani a tattake shi, wani a ɓata shi da kashi, wani kuma wajibi ne a bar shi ya rufe ƙasa, ya ciyar da saiwa. Ƙa'idar da masana kiwo suka daɗe suna bi ita ce a ci rabi a bar rabi. Alal misali, in hekta ɗaya, watau eka biyu da rabi, ta ba da tan huɗu na busasshiyar ciyawa a shekara, tan biyu ne kaɗai rabon dabba, wanda ko saniya ɗaya bai cika riƙewa ba. Mai shanu hamsin da tumaki talatin a irin wannan fili yana bukatar hekta sittin ko kusa da haka. In hekta ashirin gare shi, to shanunsa ba su ci riba ba, uwar kuɗi suke ci.

Alamar haka ba ta ɓuya. A garken da abinci bai isa ba, karsana ba ta haihuwar fari sai ta kai shekara huɗu ko biyar, tsakanin haihuwa da haihuwa kuma ya kai kusan shekara biyu, alhali cikin saniya wata tara ne kawai da 'yan kwanaki. Sa yakan yi ƙiba da damina, ya zubar da ita da rani, ya sake nema da wata daminar, har ya shekara biyar ko shida kafin ya isa kasuwa. Duk ciyawar da ya ci don mai da abin da ya rasa, asara ce wadda ba a ganinta a aljihu, amma tana nan.

Raba fili da hutar da shi

Ciyawa tana da wata ɗabi'a wadda duk gyaran makiyaya ya dogara a kanta. In aka cinye ganyenta, takan ɗebo abincin da ta tara a saiwa ta fitar da sabon ganye. In aka bar ganyen ya girma, sai ta mayar wa saiwar abin da ta ara. Idan kuwa baki ya komo ya sake cinye tofon tun yana ƙarami, ya kuma komowa, to saiwar za ta yi ta ƙanƙancewa har ta mutu. Da yake dabba tana zaɓe, ciyawa mai daɗi ita ce kullum ake komowa kanta, marar daɗi kuwa a bar ta ta yi 'ya'ya ta yaɗu. Ta haka ne makiyaya mai kyau takan rikiɗe ta zama ta tsintsiya, ko da shanun ba su yi yawan da ya wuce kima ba. Rashin hutu ne ya kashe ta.

Maganin wannan shi ne a raba filin kashi-kashi, a riƙa kiwo bi da bi. Da damina, a bar garke a kashi ɗaya kwana huɗu zuwa mako guda, sa'an nan a tashe shi, kada ya komo sai bayan mako huɗu zuwa shida. Fili mai kashi shida ko takwas ya isa a fara da shi. Ba kwanaki ne kaɗai abin dubawa ba. A fitar da dabbobi tun ciyawa tana da sauran tsawon tafin hannu, kada a jira sai ƙasa ta bayyana. Kowace shekara kuma a ware kashi ɗaya a bar shi tun tsakiyar damina har ya yi huda ya zubar da iri. Wannan kashin shi ne zai zama ajiyar rani.

A nan ne ƙasar tudu ta sha bamban da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Tudu ba abu ɗaya ba ne: akwai ƙoli, akwai gangara, akwai kwari, kowanne da halinsa. Shanu in an bar su da son ransu, sukan yi kiwo a gangara, su hau ƙoli su kwanta inda iska ke kaɗawa, su zubar da kashi a can. Ta haka suke kwashe ƙarfin gangara suna tara shi a wuri guda shekara da shekaru. Shi ya sa za a ga ciyawar Kikuyu ta yi kore shar a tsofaffin mashekari na Mambila, alhali gangarar da ke kusa ta koɗe. Saboda haka in za a ja shinge, a bi yanayin ƙasar: ƙoli dabam, gangara dabam, kwari dabam, shingen kuma ya bi tudun a gicciye. Shingen da ya miƙe daga sama zuwa ƙasa yakan sa shanu su yi turba a gefensa, turbar kuwa ita ce ruwa zai bi. Gangara mai tsananin tsayi kada a sa mata manyan shanu a tsakiyar damina sa'ad da ƙasa ta jiƙe, domin kofatonsu yana yanka ta. A bar wa tumaki da maruƙa. Wadda ta fi ƙarfin haka kuma, alherinta a bar ta ga itatuwa.

Ba lalle sai da waya ake raba fili ba. Waya tana da tsada, kuma ba kowa ne ke da ikon kafa ta a inda yake kiwo ba. Ƙorama, da dutse, da layin itatuwa duk iyakoki ne, yaro mai sanda wanda ya san inda aka ce a tsaya kuma yana yin aikin da shinge ke yi. Haka nan, sauya makwancin shanu lokaci lokaci da ajiye gishiri da kanwa a sashen da dabbobi ba su cika zuwa ba, suna rarraba taki ba tare da an kashe kwabo ba.

Batun wuta

Makiyaya suna sa wa daji wuta ne don su sami sabon tofo da rani, manufarsu kuwa ba ta wauta ba ce. Sai dai tofon nan daga saiwa ake biyansa, a lokacin da babu ruwan da zai mayar mata. Wuta tana tafiya da sinadarin naitirojin cikin hayaƙi, ta bar gangara tsirara har ruwan farko ya zo ya wanke tokar zuwa rafi. Tsiron nan mai guba kuwa wuta ba ta kashe shi, domin jijiyarsa tana can ƙarƙashin ƙasa. Ita ce ma ke share masa fili. Abin da ke karya shi shi ne a sare shi sau biyu a kowace damina, shekara uku ko huɗu a jere. Inda ƙuna ta zama dole, kada ta wuce sau ɗaya a shekara uku ga kowane kashi, a share hanyar tare wuta tukuna, kada kuma a sa dabbobi a wurin sai ciyawa ta miƙe sosai. Ragowar dazuzzukan kan tudu, irin su gandun dajin Ngel Nyaki, da kurmin bakin ƙoramu, su ne ke riƙe idon ruwa, wuta kuwa kowace shekara tana ci musu baki.

Ciyawa dangin wake da takin sufa

Babbar yunwar dabbobi da rani ba ta rashin abin cika ciki ba ce, ta rashin abin gina jiki ce. Busasshiyar ciyawar daji sinadarin gina jikin da ke cikinta yakan faɗi zuwa kashi biyu ko uku cikin ɗari, alhali saniya tana bukatar wajen kashi bakwai don kawai ta riƙe jikinta. Kowane mai kiwo ya san darajar harawar wake da ta gyaɗa. To akwai ciyayi dangin wake waɗanda ake shukawa a cikin makiyaya kanta. Ganyensu yana da ƙarfi ko ya bushe, saiwarsu kuma tana ɗebo naitirojin daga iska ta zuba wa ƙasa, sauran ciyayi su amfana. Abin da suke nema shi ne fosfaras, wanda ƙasar tuddai mai tsami ba ta da shi isasshe, shi ne kuwa takin sufa ke bayarwa.

Ƙasar Niyu Zilan, wadda galibin shanun namanta da tumakinta a kan tuddai ake kiwonsu, da wannan dabara ta gyara makiyayarta. Tun daga 1949 manomanta suka shiga watsa takin sufa da jiragen sama a gangaren da mota ba ta iya hawa, suka watsa irin wata ciyawa dangin wake mai farin fure da ake kira kuloba, suka kuma yanka manyan filaye ƙanana ƙanana. Ba jirgin ne abin koyi ba. Abin koyi shi ne abubuwa ukun nan tare suka tafi: taki, da iri, da shinge. Taki ba tare da tsarin kiwo ba, ciyar da ciyawar banza ne.

A nan gida ma an gwada, an ga amfani. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa cikin na 1980, masu bincike na Cibiyar Dabbobi ta Ƙasa da Ƙasa ta Afirka, tare da makiyaya a kudancin Jihar Kaduna, sun fito da abin da ake kira rumbun ciyawa. A killace fili kamar hekta huɗu kusa da ruga. Da farkon damina a riƙa kwantar da shanu a ciki har su tattake ƙasa su takanta ta. A jiƙa irin ciyawar sitailo a ruwan zafi na 'yan mintoci don ɓawonsa ya yi laushi, a watsa shi tare da takin sufa kamar buhu uku a hekta. In ciyawar daji ta nemi rufe shi, a sa shanu su rage ta, domin a farkon damina ita suka fi so. Daga nan a rufe filin har rani. Da rani sai a riƙa shigar da shanu goma sha biyar zuwa ashirin, masu ciki da masu shayarwa da raunana, awa biyu ko uku a rana. Ba garke duka ake ciyarwa ba, waɗanda rani ya fi kayarwa ake tsamowa.

Sai dai a lura, sitailo ya fi son wuri mai ɗumi, kamar gindin tsauni da sassan Tsaunin Jos. A can ƙolin Mambila da Obudu inda sanyi ya fi yawa, dasmodiyum da kuloba sun fi dacewa. Kuloba kuma in dabba mai yunwa ta cika ciki da shi yana jiƙe da raɓa, yana kawo kumburin ciki mai kisa, don haka a fara ba ta busasshiyar ciyawa tukuna. Kafin a sayi iri, a nemi shawarar malamin dabbobi na yankin, ko Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika kusa da Zariya. A fara da ƙaramin fili, a ga yadda ya karɓa.

Shanu da tumaki a fili ɗaya

Haɗa shanu da tumaki riba ne in an yi shi da tsari. Saniya da harshe take naɗo doguwar ciyawa, tunkiya kuwa da leɓe take tsintar gajeriya da ganyayen da saniya ta tsallake. Shanu su fara shiga kashi su rage tsawon, tumaki su biyo baya. Bugu da ƙari, galibin tsutsotsin ciki na tumaki ba su rayuwa sosai a cikin babbar saniya, saboda haka kowane yana share wa ɗan'uwansa fili. Amma bakin tunkiya yana kaiwa har ƙasa. In aka bar tumaki su daɗe a wuri, sun fi shanu kashe ciyawa dangin wake.

Laima ita ce abokiyar gabar tunkiya a kan tudu. Uda da Balami dabbobin busasshiyar ƙasa ne, ruwa da sanyin Mambila suna wahalar da su, Yankasa ta fi su jurewa. Tsutsar ciki mai shan jini tana yawaita da damina. Alamarta fatar cikin ido ta yi fari, ƙarƙashin haɓa ya kumbura. Kofato kuma yana ruɓewa a wuri mai taɓo, don haka a yi wa tumaki makwanci a busasshen wuri mai rufi, a riƙa datse kofaton. Ciwon hanta, wanda ke kama shanu da tumaki duka, daga wani ɗan ƙaramin dodon koɗi yake fitowa, mai zama a ruwan da ba ya gudu, kuma da rani ne dabbobi suka fi ɗaukarsa sa'ad da suka taru a fadama. Killace idon ruwa a ja shi da bututu zuwa kwami yana maganin abu uku a lokaci guda: ciwon hanta, da ruɓewar kofato, da rushewar gaɓar rafi. A kan tudu ruwa da kansa yake gangarowa, ba a bukatar inji.

Cutar bushiya, wadda ta yi wa garkunan ƙasar nan mummunar ɓarna a 1983, an tabbatar da kawar da ita daga duniya a 2011, allura ce kuwa ta yi wannan aiki. Ciwon huhu na shanu, da harbin daji, da annobar tumaki da awaki mai kawo zawo da majina, suna nan har yanzu, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana yin allurar rigakafinsu. Kaska da kirci ma da damina suka fi tsanani.

Sayarwa a kan kari

Duk gyaran da aka ambata ba zai tsaya ba in bakunan sun fi ƙarfin filin. Rage garke magana ce mai nauyi ga wanda shanu ne bankinsa da mutuncinsa, ba kuwa a ce ya rabu da dukiyarsa ba ne. Abin nufi ya zaɓi abin da zai ci ciyawarsa. Tsohuwar saniyar da haƙoranta suka zube, da wadda ta shekara biyu ba ta ɗauki ciki ba, da bijiman da suka wuce bukata, a sayar da su a ƙarshen damina suna da jiki, kada a jira watan Maris sa'ad da mahauci ne zai faɗi kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin kuma su ne na waya da iri da taki. Tumaki, da yake cikinsu wata biyar ne, ana iya tsara barbararsu yadda haihuwa ba za ta faɗo a tsakiyar ruwa ba, a kuma ware raguna a yi musu kiwon turke don Babbar Salla, tare da tuna cewa kowace shekara tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya.

Saura batun ƙasa, wanda shi ne mafi wuya. Ba wanda zai zuba taki a filin da bai tabbata zai ci moriyarsa baɗi ba, ba kuma wanda zai hutar da ciyawa in ya san garken wani zai shigo ya cinye ta gobe. Rikice-rikicen da aka yi a Mambila a 2002 da 2017, inda aka yi asarar rayuka da dukiya, sun nuna abin da ke faruwa in an bar batun iyaka ya ruɓe. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma tana da ikon ba da izinin riƙe ƙasar karkara don noma ko kiwo, a 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwon dabbobi. Amma kafin a kafa dirka ko ɗaya, wajibi ne arɗo da mai unguwa da manoman da ke maƙwabtaka su zauna tare, su taka filin da ƙafa, su amince da iyakar gona da ta makiyaya, da burtali, da hanyar mashaya, da ranar da shanu za su sauka kwari bayan girbi. A rubuta abin da aka amince, kowane ɓangare ya riƙe kofi, a ajiye ɗaya a ofishin hakimi, ɗaya kuma a sashen aikin gona na ƙaramar hukuma.